Jadawalin Ƙofar Firji

A ƙofar firji na manna takarda,
Litinin zuwa Lahadi, layi-layi da jan biro.
Kafin Laraba na soke rabi.
Asibitin Shika ba ya tambayar uwa
ko ta ɗora sanwa.
Waya kawai za ta yi ƙara:
"Sista Rakiya ba lafiya, ke za ki kwana."
Maigidan kuwa, motar taki ta yi Funtuwa da shi,
ya ce la'asar, la'asar ta zama jibi.

Yaran ba na goyo ba ne.
Jabiru sha uku, murya ta fara tsagewa.
Nusaiba sha ɗaya, ta iya dafa taliya,
ta kuma iya barin gas a kunne.
Auta Huzaifa shekara takwas, da ƙwallo,
da ƙafar da ba ta san zama ba.
Sun wuce zanin goyo, ba su kai riƙon makulli ba,
wannan tsakanin ne ba wanda ya raɗa wa suna.

Na yi cigiya a Tudun Wada, na yi a Sabon Gari.
Wata ta ce sai dai kwana da tashi, wata cur,
na ce ɗaki biyu gare ni.
Wata ta ce biyu zuwa shida, ba ƙarin minti,
na ce 'yar'uwa, da na san inda shida za ta riske ni
ai da ban zo ba.
Wata tsohuwa ta dubi Jabiru sama da ƙasa,
ta ce, "Wannan ai shi zai yi rainona."

Sai ga Barira, ɗalibar Kongo,
jaka a kafaɗa, da nata jadawalin,
shi ma duk soke-soke:
malami ya ɗaga lacca, malami ya dawo da ita.
Muka baje takardu biyu a tabarma
kamar tela mai neman inda yadi zai haɗu.
Inda nawa ya huje, nata ya toshe.
Inda duka biyun suka huje
muka sa sunan maƙwabciya, Maman Iklima,
da alamar tambaya.

Kuɗi na yini ne, ba na wata ba.
Kuɗin keke a wuyana.
In na kira bayan azahar, akwai ƙari.
In jarrabawa ta zo, ko gaisuwa kada in aiko.
Ta ce, "Ba na wanki, ba na duka."
Na ce, "Ban nemi ko ɗaya ba.
Ki dai zauna, a ji tarin babba a gidan."

Kwana uku Jabiru bai ce mata sannu ba.
"Mama, mu jarirai ne?"
Ran na huɗu lissafi ya shaƙe shi,
daga kicin na jiyo, ƙasa-ƙasa:
"Anti Barira, wannan lambar ina za ta koma?"

Daren jiya hatsari a Kwangila,
mota biyu, mutum tara.
Muka tsaya a kansu har ɗaya saura.
Wayata ta mutu tun isha'i.
Motar asibiti ta aje ni a bakin layi,
na ƙarasa da sassarfa, ƙirji na dukan uku-uku.

Barira ta yi barci a kan takardun lacca, biro a hannu.
An lulluɓe ta da bargon Huzaifa.
Gas a kashe. Na duba sau biyu.
Tuwona a kula, an kife masa faranti.
Jabiru na zaune, ido jawur, makulli a tafin hannu:
"Na ce ta kwana, dare ya yi.
Na kira babarta na faɗa mata.
Kada ki tashe ta, tana da gwaji ƙarfe takwas."

Na tsaya, takalmi a ƙafa, warin magani a jiki,
ina lissafin wa zan biya kuɗin daren nan.

Da asuba na ɗauki jan biro
na tsaya gaban firji.
Layin Jumma'a fari tas, ba a taɓa shi ba.
Ban kai ga buɗe murfin biron ba
waya ta fara ƙara.